Abokai biyu da dawakin ƙarfe

A ƙasar Amurka akwai wani birni a bakin kogin Misisipi, ana ce masa San Luwi. A nan aka yi waɗansu samari biyu, abokan juna. Sunan ɗaya Thomas Allen, sunan ɗayan William Sachtleben. Don sauƙin faɗi, a ce da su Tomas da Wiliyam. Makarantarsu ɗaya. A shekarar 1890 suka gama karatu a jami'a. A lokacin babu wanda ya cika shekara 25 a cikinsu.

Sun karanta labarin ƙasashe da yawa a cikin littattafai. Sun ga sunayen duwatsu da koguna a kan taswira. Amma jin suna dabam, ganin ido dabam. Sai suka yi shawara su je su ga duniya da kansu. Washegarin ranar da suka gama makaranta suka kama hanya. Ran 23 ga watan Yuni 1890 suka shiga jirgin ruwa a birnin Niyu Yok, suka nufi Ingila. Da suka sauka, sai kowannensu ya sami keke, wato belo.

Keken wancan zamani

Keken da ya yaɗu a Turai kafin nan yana da wata ƙatuwar taya a gaba da ƴar ƙarama a baya. Mahayi yana can sama kamar wanda ya hau raƙumi. In taya ta ci karo da dutse, sai mutum ya faɗo ta ka. A shekarar 1885 aka ƙera wani sabon iri a Ingila. Tayoyinsa biyu kusan girmansu ɗaya, sarƙa ce ke juya ta baya. Shi ne kakan keken da ake hawa yau, kuma irinsa abokan nan biyu suka hau.

Duk da haka kekunansu ba su kai na yanzu daɗi ba. Ba su da giya. Tayar da ake hura wa iska sabuwar aba ce a lokacin, don a 1888 aka fara yin ta. Tayoyin da suka ratsa Asiya da su na roba ne mai kauri, ba a sa musu iska. Ƙaya ba ta fasa su, amma suna da nauyi, kuma duk dutsen da aka taka sai an ji shi a jiki. Hanyoyin da ke gabansu kuwa babu kwalta, babu mota. Hanyoyin dawaki ne da jakuna da raƙuma.

Daga Ingila zuwa Girka

Sun fara zagaya Ingila don ƙafafunsu su saba. A birnin Landan suka tsara tafiyarsu: za su ratsa Turai, su ratsa Asiya, su ratsa Amurka, su koma gida. Suka bi ofisoshin jakadu suna neman takardun izini. A ofishin jakadan Sin aka gargaɗe su. Aka ce musu yammacin ƙasar yana da haɗari, kuma mutanen wurin ba su saba da baƙi ba. Suka ji gargaɗin, amma ba su fasa ba.

Suka ƙetara zuwa Faransa, suka bi ta Paris da Bordo da Marsai, suka shiga Italiya. A ranar ƙarshe ta shekarar 1890 suka bar Italiya a jirgin ruwa zuwa Girka. A birnin Atina suka yi zaman hunturu. Wannan ɓangare shi ne mai sauƙi, don akwai hanyoyi, akwai masauki.

Tun daga farko suka ɗauki wata al'ada da ba su bari ba har ƙarshe. Ba su ɗauki jagora ba, ba su ɗauki tafinta ba. Duk ƙasar da suka shiga, sai su koyi ɗan abin da za su iya na harshen mutanenta. Da shi suke neman ruwa, da shi suke tambayar hanya. Matambayi ba ya ɓata.

A ƙasar Turkawa

A watan Afrilu 1891 suka bar birnin Santambul suka sa ƙafa a Asiya. Ƙasar tana ƙarƙashin Daular Usmaniyya a lokacin. Hukuma takan haɗa su da jandarmomi a kan dawaki don su raka su daga gari zuwa gari.

Yawancin mutanen ƙauyukan ba su taɓa ganin keke ba. Da an hango su, sai gari ya fito, yara da manya. Ana ta kira da Turkanci: «Bin! Bin!», wato «Hau! Hau!» Ko sun gaji, ko suna jin yunwa, sai sun hau sun zagaya fili kafin a ƙyale su. Waɗansu suka sa wa keken suna amalanken shaiɗan. Dabbobi ma ba su yarda da shi ba. Sau da yawa dawaki da raƙuman ayari kan firgita, su watse, masu su suna faɗa.

Keke ba ya ɗaukar guzuri mai yawa. Saboda haka abin da mutanen ƙasa suke ci shi suke ci: gurasa da kindirmo. Inda aka sauke su nan suke kwana. Mai tafiya a jirgin ƙasa yana hangen gari ta taga ya wuce. Mai keke kuwa dole ya tsaya, ya yi sallama, ya roƙi ruwa. Ta haka suka san mutane, mutane suka san su.

Ciwo a Siwas

Suka wuce Ankara, suka wuce Kaisari, suka isa wani gari mai suna Siwas. A nan ɗaya daga cikinsu ya kwanta. Zazzaɓin taifot ne ya kama shi. Wannan ciwo ana ɗaukarsa ne daga ruwa ko abinci marar tsabta, su kuwa sun sha ruwan bakin hanya da yawa. A zamanin babu maganin da ake kashe ƙwayar cutar da shi. Mutane da yawa suna mutuwa da ita.

A gidan wakilin ƙasarsu aka yi jinyarsa. Makonni suka wuce. Mai lafiyar yana da kekensa, yana da takardunsa, hanya kuma a buɗe take. Amma bai tafi ba. Ya zauna ya jira, har abokinsa ya tashi, ya sami ƙarfin taka feda. Sannan suka ci gaba tare.

Abota a cikin aji ba ta da wuya. Ana raba alli, ana raba ƙosai, a tashi kowa ya tafi gidansu. A kan hanya mai nisa kuwa babu gidan da za a tafi. Mai sauri dole ya rage gudu. Mai lafiya dole ya jira marar lafiya. Jinkirin ɗaya jinkirin duka biyun ne. A Siwas aka fara gwada abotar Tomas da Wiliyam, kuma ba ta karye ba.

A kan dutsen Ararat

A gabashin ƙasar Turkawa akwai wani babban dutse, ana kiransa Ararat. Tsawonsa mita 5 137 ne. Ya ninka dutsen Bagzan na Ayar fiye da sau biyu. Ƙanƙara ba ta narkewa a ƙololuwarsa, rani da damina. Mutanen da ke zaune a gindinsa da yawa sun ɗauka ba a iya hawansa.

Abokan suka ajiye kekunansu a ƙasa. Suka haɗu da wani dattijo mutumin Ostiriya wanda ya saba hawan duwatsu, suka tafi tare. Suka kwana a jikin dutsen cikin tsananin sanyi. Kowa ya yi sama, iska takan yi ƙaranci, numfashi ya yi wuya. Ran 4 ga watan Yuli 1891 suka kai ƙololuwa. Ranar ta zo daidai da ranar bikin ƴancin ƙasarsu. Suka kafa ƴar tuta, suka sauko.

Jira ma tafiya ne

Daga nan suka shiga Farisa, ƙasar da ake kira Iran yau. Suka bi ta Tabriz, suka isa Tehran. Zafi ya dame su. A Tehran suka daɗe suna jiran izinin shiga ƙasashen da Rasha take mulki. Bayan sun wuce birnin Mashhad suka ƙetare iyaka. A gabansu akwai wata hamada mai yashi da ake kira Karakum. Keke ba ya tafiya cikin yashi mai zurfi. Mutanen wurin suka ba su shawara su shiga jirgin ƙasa, suka karɓi shawarar. Jirgin ya kai su Samarkand.

A watan Nuwamba 1891 suka isa Tashkent. Hunturu ya shigo, hanyoyi suka rufe. Sai a watan Mayu 1892 suka iya tashi. Wata shida ke nan a gari ɗaya. Ba su bar lokacin ya tafi a banza ba, don a nan suka koyi Rashanci.

Da suka isa Kulja, a ƙasar Sin, sai wani jiran ya sake samun su. Kekunan sun gaji, suna bukatar kayan gyara. Kayan kuwa daga Landan za su zo. Suka zauna makonni da dama suna jira, suna koyon Sinanci. Sannu ba ta hana zuwa.

Rage kaya

A Kulja suka zauna suka yi lissafi. Gabansu akwai duwatsu, akwai hamada. Duk abin da aka ɗora wa keke, ƙafar mahayi ce za ta biya. Sai suka shiga rage nauyi. Suka datse hannuwan kekunan. Suka rage tsawon ƙarfen da ke riƙe da sirdi. Suka cire maɓallan da ba su da amfani a jikin tufafinsu. Har gashin kansu da gemunsu suka aske.

Abin da suka riƙe kaɗan ne: jakar kwana, kayan gyara, magani, takardu da na'urar ɗaukar hoto. Kuɗi ma sai da suka ba su wahala. A yammacin Sin a lokacin ana ciniki da ƙananan kuɗin tagulla masu huda a tsakiya, waɗanda ake shiryawa a igiya. Suna da nauyi ƙwarai. Saboda haka abokan suka ɗauki azurfa gutsattsari. In za su yi canji, sai a auna ta a ɗan ma'auni.

A watan Yuli 1892 suka tashi daga Kulja suka fuskanci gabas.

Hamadar Gobi

Suka bi gindin duwatsun Tiyan Shan, suka wuce Urumki, suka isa Hami. Daga Hami hamadar Gobi ta fara. Gobi ba kamar Tenere take ba. Yawancinta tsakuwa ce da duwatsu, ba tudun yashi ba. Amma ƙishirwa ɗaya ce. Rijiyoyi suna nesa da juna, ruwansu kuma yana da gishiri. A zango babu abin ci sai ɗan gari da shayi.

Iska ta yi ta bugun su ta gaba. Inda ƙasa take da tauri su hau. Inda take da laushi su sauka su tura. Ana cikin haka ruwan gishirin ya kayar da ɗaya daga cikinsu. Zazzaɓi ya rufe shi. A wannan karo babu gidan wakili, babu likita, babu gado. Tsayawa a wurin halaka ce, don babu abincin da marar lafiya zai ci ya farfaɗo. Dole a ci gaba. Suka lallaɓa a hankali, zango bayan zango, har suka ga ruwa mai gudu da gonaki a gefen garin Ansi.

Da mutum ɗaya ne ya faɗi a wurin nan, wa zai tashe shi? Wa zai nemo masa ruwa? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ba da daɗewa ba suka isa ƙarshen Babbar Ganuwar Sin ta wajen yamma. Suka shiga ta ƙofarta a kan kekunansu.

Keke ya karye

A cikin Sin taron mutane ya fi na ko'ina yawa. Duk garin da suka shiga sai a kewaye su, ana taɓa tufafinsu, ana taɓa tayoyi. Masauki ma ba ya hana a biyo su. Sinawa suka sa wa keken sunaye: dokin baƙi, amalanke mai tafiya da kansa, har da dokin ƙarfe, kamar yadda Bahaushe yake ce masa. Waɗansu manyan gari sukan gayyace su cin abinci, su roƙe su su hau a gani. A waɗansu wurare kuwa sai da gudu suke tsira daga turmutsutsu.

Wata rana ɗaya daga cikin kekunan ya yi hatsari, ƙarfen jikinsa ya karye gida biyu. Babu mai gyaran keke a duk faɗin yankin. Teku kuma tana da saura kamar kilomita 1 600. Keke ɗaya ba zai ɗauki mutum biyu ba. Ko dai a gyara, ko tafiya ta ƙare a nan.

Suka yi dabara. Ƙarfen jikin keke yana da rami a ciki kamar bututu. Sai suka zura sandar ƙarfe a cikin ramin, ta haɗa ɓangarorin biyu. Suka samo wayar tangaraho, suka zagaya ta daga gaba zuwa baya, suka murɗe ta tamau. Keken ya tashi. Yana tafiya yana rangaji kamar agwagwa, tayar baya tana lilo. Amma yana tafiya. A haka ya ƙarasa sauran hanyar.

Komawa gida

Suka ƙetare Rawayan Kogi, suka wuce tsohon birnin Siyan. Ran 3 ga watan Nuwamba 1892 suka shiga Bejin, babban birnin Sin. Daga Kulja zuwa nan sun yi kusan kilomita 5 000. Tufafinsu sun zama tsumma, jikinsu ya rame. A birnin Tiyanjin wani babban mai mulkin ƙasar, Li Hung Cang, ya kira su gidansa. Ya yi ta yi musu tambayoyi a kan ƙasashen da suka gani.

Jirgin ruwa ya ɗauke su daga Shanghai, ya bi ta Japan, ya sauke su a San Faransisko ran 25 ga watan Disamba 1892. Bayan mako uku suka sake hawa keke, suka ratsa ƙasarsu daga yamma zuwa gabas. A farkon watan Yuni 1893 suka shiga Niyu Yok, inda suka faro. Saura kwana 20 su cika shekara uku cif.

Abin da suka taka a kan keke ya wuce kilomita 24 000. Kamar mutum ya tashi daga Yamai zuwa Damagaram fiye da sau 25 ke nan. Sun ɗauki hoto fiye da 2 500. A 1894 suka fitar da littafin tafiyarsu. Sunayensu biyu ne a bangonsa. A cikinsa kuma «mu» suke cewa. 

Wanda ya tafi shi kaɗai

Lokacin da abokan nan suke hanyar Sin, wani saurayi ɗan ƙasarsu mai suna Frank Lenz shi ma ya tashi zagaya duniya a keke. A 1892 ya bar gida. Jarumi ne, gwanin keke ne, tayoyinsa ma masu iska ne. Amma shi kaɗai ya tafi. Ya ratsa Amurka, ya ratsa Japan da Sin da Bama da Indiya da Farisa. Ya sha wuya ƙwarai, ya jure.

A watan Mayu 1894 ya tashi daga Tabriz ya nufi garin Arzurum a ƙasar Turkawa. Daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Mahaifiyarsa ta yi ta jiran wasiƙa. Watanni suka wuce kafin a tabbata wani abu ya same shi, don babu wanda yake tare da shi da zai kai labari.

Mujallar da yake aika wa labarin tafiyarsa ta nemi wanda zai je cigiyarsa. Wiliyam ne ya tafi. Ya san hanyar, ya san ɗan harshen, ya kuma san yadda faɗuwa take a ƙasar da mutum ba shi da kowa. A 1895 ya isa Arzurum. Ya daɗe yana bincike a ƙauyuka. Abin da ya gano ya nuna cewa kashe saurayin aka yi a hanya. Gawarsa kuwa ba a same ta ba.

Hanyar da Frank ya ɓace a kanta, Tomas da Wiliyam sun bi ta shekara uku kafin shi. Su ma sun ga haɗari, su ma sun kwanta ciwo. Kekensu bai fi nasa kyau ba, ƙarfinsu bai fi nasa ba. Abin da suka fi shi da shi ɗaya ne: duk lokacin da ɗayansu ya faɗi, akwai wani a tsaye kusa da shi. Shi ya sa manya suke cewa a nemi abokin tafiya tun kafin a nemi hanya.

Tambayoyi

1. Me ya sa Tomas da Wiliyam suka bar gida bayan sun gama karatu?
2. Faɗi bambanci biyu tsakanin kekensu da keken yau.
3. Me ya jawo ciwon da aka yi a Siwas? Yaya ake kauce masa?
4. Don me suka rage kayansu a Kulja?
5. Yaya suka gyara keken da ya karye?
6. Wane ne ya je cigiyar Frank? Me ya gano?

Aiki

Ku duba taswirar duniya. Ku nemi Ingila, Faransa, Girka, Turkiyya, Iran da Sin, ku bi hanyar abokan nan da yatsa. Sannan kowa ya rubuta layi biyar a kan halin da yake so ya samu wajen abokin tafiyarsa.